Sawun da Ya Tsuguna a Bakin Ƙofa

Mai dafa abinci ne ya fara gani. Da safe, da aka buɗe ɗakunan gidan yarin, ya je ɗiban ruwa a duron da ke bayan Ɗakin Doka, ya tsoma bokiti, sai bokitin ya fito da wani abu fari-fari kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ya sa hannu ya ɗago guda, ya ga tambarin kotu yana narkewa a tafinsa. Ihun da ya kurma sai ka ce maciji ya taka. Kafin ka ce me, fili ya cika.

Ɗakin Doka wani ɗan tsukukun ɗaki ne, da can ma'ajiyar barguna. Wata lauya ce ta yi ta sintiri har aka ba ta shi, ta zaɓi fursunoni kaɗan ta koya musu aikin taimakon lauya: yadda ake sauraron labarin mutum, yadda ake rubuta neman beli, yadda ake gane wanda zaman jiran shari'arsa ya zarce hukuncin laifin da ake tuhumarsa da shi. 'Yan gidan suna tsokanar su da lauyoyi marasa kwat, amma layin da ake yi a ƙofarsu ya fi na abinci tsawo. Wata da watanni suna tara takardun mutane a cikin wani akwatin ƙarfe, domin jibi babban alƙali zai zo duba waɗanda aka manta da su. To, ga akwatin can a kife gefen duro, ba ko ƙyalle a ciki.

Wani ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Wani ya ce aikin gandirobobi ne. Wani ya ce ƙarya ne, lauyoyin ne da kansu, an saye su. Sai idanu suka fara juyawa kan mutumin da makullin ɗakin yake rataye a wuyansa.

Maisawu ake ce masa, kuma sana'arsa ce ta ba shi sunan. A waje, idan aka sace dabba, shi ake kira ya bi sawunta. Wata rana ya bi sawun shanu har ƙofar gidan da bai kamata talaka ya nuna da yatsa ba, sai tambaya ta juya: shi yaya aka yi ya san inda suke? Tun ranar yake nan, shekaru sun shuɗe, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, don kotu ta ce fayil ɗinsa ya ɓata. Da ƙyar Lauya ta tono kwafi ɗaya tak na takardar tsare shi. Ita ma tana cikin duron.

Maisawu ya matso wurin duron. Amma tsohuwar ɗabi'a ba ta barin mutum: kowa na leƙen duro, shi ƙasa yake kallo. Jiya da yamma an sheƙa ruwa, fili duk laka ne, sai dai jama'a sun tattake kewayen duron kamar an yi dambe. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Baba Shara, tsohon da ke share ofisoshi, yana tafe da tsintsiyarsa a sunkuye, ya riga ya goge hanyar da ta taso daga ofis.

"Baba, tsaya! Don Allah ɗaga tsintsiyar nan!"

Tsohon ya tsaya cak, ya rungume tsintsiyarsa. Abin da ya tsira ɗan wuri ne a bakin ƙofar Ɗakin Doka, ƙarƙashin rumfar kwano. Maisawu ya durƙusa. Silifa ce, irin wadda kowa ke sawa a gidan. Amma ba tafiya mai ita ya yi a nan ba. Gaban ƙafafu biyu ne a jere, sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba, ga kuma shatin tafin hannun dama a gefe. Mutumin ya tsuguna, kuma ya ɗan jima. Maisawu ya zari tsinke daga tsintsiyar Baba ya auna faɗin ƙafar, ya karya shi daidai, sannan ya kifa kwandon shara a kan wurin.

* * *

Babban Gandiroba bai ce masa ya zauna ba. Ya ajiye kwaɗon ɗakin a kan tebur, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

"Ba a fasa ba," in ji shi. "Yi mini bayani."

"Ranka ya daɗe, da ruwan ya kece an buga ƙararrawar ƙidaya da wuri. Na fito da gudu. Ban kulle ba."

"Madalla. Jibi alƙali zai shigo gidana, in nuna masa me? Kunun takarda?" Ya jingina da kujera yana kallonsa. "An ce kai ko kaza ta wuce kana sanin inda ta kwana. To, ka kawo mini wanda ya yi wannan kafin yammacin gobe. In ka kawo shi, ni da kaina zan tsayar da kai gaban alƙali, da takarda ko babu, in shaida shekarun da ka yi. In ba ka kawo shi ba, makulli a wuyanka yake. Zan cire sunanka, ka jira wani zuwan."

Wani zuwan kuwa babu mai sanin ranarsa. Wanda aka yi na ƙarshe, Maisawu ko furfura ɗaya bai da ita a lokacin.

Ya fito yana juya abu ɗaya a ransa. Ɓarawo yana tsugunawa a bakin ƙofa don ya murɗe kwaɗo, ko ya leƙa ta ƙasa. Amma shi ya san yadda ya bar ƙofar nan, a wangale, iska na wasa da ita. Me zai sa mutum ya tsuguna a gaban buɗaɗɗiyar ƙofa, ruwa na dukan bayansa?

* * *

Bayan ƙararrawa mutane kaɗan ne ke iya yawo a fili. Na farkonsu Gwamna, fursunan da ke shugabantar babban ɗaki, wanda ke taya gandirobobi ƙidaya. Kafin a buɗe Ɗakin Doka shi ne lauyan gidan. Ka ba shi sabulu ya gaya maka shekarun da za a yanke maka, ka ƙara masa sigari ya rage maka biyu. Lauyoyi marasa kwat sun kashe masa kasuwa, kuma bai ɓoye haushinsa ba.

Maisawu ya same shi zaune a kan kifaffen bokiti, ana yi masa fifita da kwali.

"Lauya, an ce takardunku sun je wanka," in ji Gwamna. "Allah ya sa sun fita fes."

"Ina kake jiya bayan ƙararrawa?"

"Ji wani iko! Ɗan sanda ka koma kuma?" Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ban ji daɗin zuwanku ba, wannan gaskiya ne. Amma bari in gaya maka, ɗakina an gina shi don mutum nawa, yanzu mutum nawa ne a ciki? A gefe ɗaya muke kwana, in za a juya sai an yi shela. In alƙali zai kwashe mini rabi, ni zan goya shi in shigo da shi."

Magana ce mai ma'ana, amma Maisawu ya daɗe da sanin cewa baki ya fi ƙafa iya ƙarya. Ya saki makullinsa ya faɗi kusa da ƙafar Gwamna. Gwamna ya yunƙura zai ɗauka don ya yi masa tsiya da shi, sai ya cije baki, ya dafe gwiwa, ya koma ya zauna. Gwiwar a kumbure take kamar kabewa. Ashe shi ya sa ko a ƙidaya, da kowa ke tsugunawa a layi, shi a kan bokiti yake. Wannan mutumin ko an ce za a sake shi ba zai iya tsugunon nan ba.

* * *

Na biyu Kofur ne, gandiroban da ke tsaron ɓangaren. Shi ma ɗakin ya taɓa masa aljihu, don da can shi ke kai wa mutane saƙo kotu a ba shi na shan ruwa, saƙon kuwa wani ya isa, wani ya maƙale a hanya. Maisawu ya cire shi tun farko saboda gandiroba takalmin sawu-ciki yake sawa. Sai da ya leƙa ɗan ofishinsa ya hango silifa a ƙarƙashin tebur, laka ta bushe a jikinta. Ya matsa kusa.

"Yallaɓai, silifar nan fa?"

"Takalmin gwamnati yoyo yake yi. In ana ruwa ita nake sawa. Laifi ne a dokar taku?"

"A'a, yallaɓai. In gani?"

Kofur ya shuro masa ita da ƙafa. Maisawu ya ɗora tsinkensa a kan shatin da ƙafa ta bari a cikinta. Ƙafar Kofur faffaɗa ce kamar faranti, tsinken ko kusa bai kai ba.

"Ka gama?" in ji Kofur. Sai ya rage murya. "Kai, ka ɗauka ni ba a kulle nake ba? Kai in alƙali ya so ka fita. Ni sai na tsufa a bakin ƙofar nan. Tafi ka nemi ɓarawonka, kada ka ja mini sallama."

* * *

Saura Akawu, abokin aikinsa a Ɗakin Doka. Shi an riga an yanke masa hukunci, don haka zuwan alƙali ba nasa ba ne. Ya fi kowa iya rubutu, kuma bai taɓa yafe cewa an ba ɗan daji makulli an bar shi ba. Jiya an aike shi asibitin gidan, bai shiga ƙidaya da wuri ba. Maisawu ya same shi yana shanya guntayen takardu a kan bargo, ɗaya bayan ɗaya, ko za a samu mai karantuwa. Bai nemi izini ba, ya sunkuya ya ɗora tsinke a kan ƙafarsa. Tsinken ya zauna daram.

Akawu ya dubi tsinken, ya dubi Maisawu, idanunsa suka kawo ruwa.

"Rabin gidan nan ƙafarsu ɗaya da tawa," ya ce. "Amma tunda abin ya zo nan, ji gaskiya. Na wuce ta wurin. Na ga ƙofar a buɗe. Na ce a raina bari in bar ta, gobe a ci masa mutunci, a gane wa ya cancanci makulli. Iyakar laifina ke nan, kuma ya ishe ni. Rubutun hannuna ne a duron nan, malam. Watanni na yi ina yin sa."

"Ka tsuguna a bakin ƙofar?"

"In tsuguna in yi me?"

"Wa ka gani a fili?"

"Ba kowa. Wallahi ba kowa."

Maisawu ya koma ɗaki da yamma ba shi da komai sai tsinke. Ya kwanta a wurinsa jikin bango, gefen Baba Shara. Wurin ma tsohon ne ya matsa masa tun ranar da aka kawo shi yana rawar jiki, shi ya koya masa yadda ake naɗe silifa a yi matashi da ita, da yadda ake haɗiye magana a gaban mai kaki. Yau Baba ya tura masa rabin abincinsa kawai. Maisawu ya kasa ci.

* * *

Washegari Lauya ta zo. Ta tsaya gaban bargon takardun ta duba su. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta ce duk wanda aka tuna labarinsa a sake rubutawa, abin da ya samu a kai gaban alƙali. Takardun kotu kuwa, irin ta Maisawu, babu mai dawo da su kafin gobe.

"Ɗaya ce ta tsira," ta ce masa. "Ta Baba. Na ɗauke ta makon jiya ranar da Akawu ke ɗakin, na kai kotu. An sa hannu. Gobe zai fita."

Maisawu ya ji wani ɗan sanyi a ransa, na farko tun jiya. Shi ya haɗa takardar nan da hannunsa, daga hirarrakin da tsohon ke yi masa a kwance. Faɗa ne aka yi a kasuwa, wani ya ji rauni, aka kawo Baba jiran shari'a 'yarsa tana goye. Wanda ya kai ƙarar ya daɗe da rasuwa. Da abin ya ƙi ƙarewa Baba da kansa ya aika gida a ce ya mutu, don matarsa ta samu ta yi rayuwarta.

"Na samo 'yar," in ji Lauya. "Uwar ta rasu, amma ita tana nan da 'ya'yanta. Da na gaya mata sai ta zube a ƙasa. Ita za ta zo ɗaukar sa. Shi me ya ce da ka tambaye shi?"

"Na gaya masa takardarsa na cikin akwati, ya kusa fita. Ya yi shiru. Murna ce ta hana shi magana."

"Ban ce me ka gaya masa ba. Me ya ce da ka tambaye shi? Darasinmu na farko fa, Maisawu. Kafin ka ɗora biro a kan takarda, ka tambayi mutum me yake so."

"Malama, akwai wanda ake tambaya ko yana son fita daga nan?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai aka kira ta ofis.

* * *

Da yamma ta gabato Maisawu ya roƙa a tara masa mutum ukun da yake zargi a Ɗakin Doka. Ya ɗebo ruwa ya jiƙa ƙasar bakin ƙofa, ya lailaye ta da hannu, ya wangale ƙofar kamar yadda ya bar ta ranar. Babban Gandiroba da Lauya suna ciki, 'yan gidan sun yi cirko-cirko daga nesa. Dabararsa ta ƙarshe ke nan, kuma shi kansa ya san ba wata dabarar kirki ba ce: su shigo ɗaya bayan ɗaya, ko ƙasa za ta faɗi abin da baki ya ɓoye.

Gwamna ya shigo yana ɗingishi yana gaishe da jama'a kamar ɗan takara. Kofur ya shigo a fusace da silifarsa. Akawu ya shigo kansa a ƙasa. Babu wanda ya ko rage tafiya a bakin ƙofar. Maisawu ya duba, ya sake dubawa. Ƙasa ba ta ce komai ba.

"To?" in ji Babban Gandiroba. "Wasan ya ƙare? Dubi yadda kuka ɓata mini ɗaki da laka. Kofur, kira mai shara."

Baba Shara ya taho da bokiti da tsumma, yana bin jikin bango. Ya iso gaban ƙofar da ke a wangale, ba kowa a hanyarsa. Sai ya ajiye bokitin, ya haɗa ƙafafunsa, ya tsuguna a kan yatsunsa, ya dafa ƙasa da hannun dama, ya sunkuyar da kai yana jira.

"Kai Baba, shigo mana," in ji Kofur. Ya juya wajen Lauya yana dariya. "Tsohuwar doka ce, Malama. Da can fursuna ba ya ƙetare ƙofar ofis sai ya tsuguna an ce masa shigo. An soke ta tun ban ɗauki aikin nan ba, amma shi jikinsa bai ji sanarwar ba. Ko ba kowa a ofis sai ya yi."

Aka yi dariya. Maisawu kaɗai bai yi ba. Da sassafe Baba ke share ofisoshi, kowa yana kulle, shi ya sa bai taɓa ganin wannan tsugunon ba. Akawu kuma bai yi rantsuwar ƙarya ba. Ya ga fili ba kowa, domin an daɗe da daina lissafa tsohon nan cikin mutane.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti ɗaya in sake duba ƙasar."

Ya fita ya durƙusa gefen tsohon kamar mai nazarin laka, ya ba ɗakin baya. Ya rage murya.

"Baba. Don me?"

Tsohon bai ɗago ba. "Ban iya karatu ba, ɗana. Na buɗe akwatin in ɗauki tawa kaɗai, na ga duk kamarsu ɗaya. Na juya, na juya. Ruwa na zuba, ana ta kiran ƙidaya." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ina za ni? Wa na sani? Ni da aka yi wa zaman makoki. A nan na san inda zan kwanta."

"Tawa tana ciki, Baba. Da ta mutanen nan duka."

"Na sani. Tun ranar ban runtsa ba. Ka faɗa musu. Kai ka fita, ni in zauna. Kowa ya samu nasa."

Fushi ya taso wa Maisawu har yana jin ɗacinsa a harshe. Shekarunsa, matarsa da ta gaji da zuwa, duk wannan tsohon ya tsoma su a duro. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da alƙali. Amma karatun da aka koya masa a ɗakin nan ya tsaya masa a wuya: ya san sabuwar tuhuma za ta kashe takardar sakin, kuma mai shekarun Baba ba zai ga ƙarshen wata shari'ar ba. Ya san kuma wanda ya fara ɗora biro a kan takarda bai tambaya ba.

"Taka ba ta cikin akwatin," ya ce. "An riga an sa mata hannu. 'Yarka tana raye, ta san kana raye, gobe za ta zo ƙofa. In na yi magana, za ta koma ita kaɗai." Ya ja numfashi. "Ban tambaye ka ba tun farko. Yanzu ina tambaya. Baba, me kake so?"

Tsohon ya dubi ƙasa. Babban Gandiroba ya yi gyaran murya daga ciki.

"Da wa take kama?" in ji Baba.

Maisawu ya miƙe. Wajen juyawa ya ja ƙafarsa a kan laka, shatin yatsun da na tafin hannun suka shafe. Ya shiga ɗaki.

"Ranka ya daɗe, babu ko ɗaya cikin mutum ukun nan da ya yi. Wannan na tabbata."

"To wane ne?"

"Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne ni na bar ƙofa a buɗe."

Babban Gandiroba ya dube shi ya daɗe. Lauya ta dube shi, ta dubi tsohon da ke goge laka a bakin ƙofa, sannan ta mayar da idonta kan takardun gabanta.

"Ka san abin da na ce."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ajiye makullin. Akawu, ɗauka. Gobe mai shara zai tafi, ka gaji tsintsiyarsa."

* * *

Alƙali ya zo, ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya saurari waɗanda aka samu aka sake rubuta labarinsu. Wasu sun fita, da yawa an ce sai an nemo takardunsu. Ba a kira Maisawu ba. Yana can gefen fili da tsintsiya yana jin sunaye suna wucewa.

Da rana aka fito da Baba, sanye da wata riga da ta yi masa yawa, Kofur na gaba. Bai waiwayo ba, ko kuma ya kasa. Aka buɗe ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar, haske ya shigo, ga wata mata tsaye a waje ta toshe bakinta da gefen mayafi. Baba ya isa bakin ƙofar, ya haɗa ƙafafunsa, ya tsuguna ya dafa ƙasa. Wannan karon Kofur bai yi dariya ba. Babu wanda ya san abin da zai ce, don ba a taɓa koya wa kowa kalmar da ake faɗa wa mai fita ba. Matar ce ta miƙo hannu ta cikin ƙofar ta kama nasa.

"Baba, taso mu tafi gida."

Aka rufe ƙofa, aka zura sakata.

Maisawu ya bi hanyar a hankali, tsintsiya a hannu. Ga sawun nan a kan ƙasa mai danshi, gajeru, suna raɓe da bango. Ga inda ya yi jinkiri, ga inda ya kusa juyawa. Ga gaban ƙafafu biyu a jere da tafin hannun dama. Daga nan sai rabin taku ɗaya, dunduniya a ciki, yatsu a waje, ƙarfen ƙofa ya raba shi biyu. Duk rayuwarsa bai taɓa barin sawu a hanya ba sai ya ga inda ya kwana. Ya tsaya yana kallon rabin takun nan, yana son sanin ko a can waje takun ya ƙara tsawo.

"Mai shara!" Kofur ya kira daga ofis. "Alƙali zai fito ta nan. A gyara hanya."

Maisawu ya sunkuya ya share.